Saƙo Daga Hannu Zuwa Hannu: Sadarwar Miƙa-Miƙa da Matsalar Tsaronta a Ƙasar Zuru

Jawabin da wani ɗan'uwanmu, ɗalibi mai nazarin kimiyyar kwamfuta, ya gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin ƙasar Zuru wanda aka yi a garin Mahuta lokacin hutu.

 Ni ɗalibi ne, ban kai matsayin malami ba. Saboda haka abin da zan faɗa ɗan abin da na tsinta ne a aji da ɗakin karatu, sa'an nan na auna shi da halin da muke ciki a gida. Inda na yi daidai a ɗauka, inda na kauce kuwa ga malamaina nan, sai su gyara mini.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata damina na je hutu ƙauyen kakannina, wanda ba shi da nisa ƙwarai daga nan Mahuta. Cikin dare ciwo ya tasar wa kakata. Waya tana hannuna, da caji da kuɗi a cikinta, amma babu sabis ko ɗigo. Sai da na ɗauki tocila na hau dutse cikin yayyafi kafin na sami kiran kawuna ya zo da babur. An dace ta sami sauƙi. Amma da gari ya waye na zauna na ƙirga, sai na ga a ƙauyen nan kaɗai akwai wayoyi sun fi ashirin, ga wasu a ƙauyen gaba, ga wasu a na gabansa, har zuwa bakin titi. Duk da haka babu wadda za ta iya yi wa 'yar'uwarta magana, domin kowace ba ta san kowa ba sai hasumiyar kamfani. Tun ran nan nake tambayar kaina: me zai hana wayoyin nan su riƙa miƙa wa juna saƙo har ya isa inda ake so? Wannan tambaya ita ce tushen jawabina.

Halin da Muke Ciki

Masarautar Zuru, watau ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, tana iyaka da Jihar Zamfara da Jihar Neja, kuma ba sai na gaya muku abin da wannan maƙwabtaka ta jawo mana ba. A ranar 17 ga Yuni 2021 aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka rasa rayuka fiye da sittin. A ranar 17 ga Nuwamba 2025 kuma aka sace 'yan mata 25 daga makarantar sakandare ta Maga. A irin wannan hali, labarin da ya iso da wuri yakan zama shi ne tsakanin mutum da ajalinsa.

Har ila yau mun ga abin da ya faru a Zamfara. A farkon watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe hasumiyoyinsu a duk faɗin jihar don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Da farko an ce mako biyu, amma a wurare da yawa abin ya haura wata biyu. Jihar Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13, Jihar Sakkwato kuma a 14. Ban zo nan don in yanke hukunci a kan wannan mataki ba. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 muka ɗora duk maganarmu a kan hasumiya. In an kashe ta, ko man injinta ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batiranta, to mai haƙuri da mai laifi duk sun zama kurame.

Mece ce Sadarwar Miƙa-Miƙa?

Akwai wata irin sadarwa wadda ba ta dogara ga hasumiya. A cikinta kowace na'ura tana aiki biyu: tana aika nata saƙo, tana kuma karɓar na maƙwabciyarta ta miƙa gaba. Na raɗa mata suna sadarwar miƙa-miƙa, domin ta yi kama da yadda ake miƙa kwanon ƙasa daga hannu zuwa hannu wajen gini. Kowace na'ura za mu kira ta tasha, tazarar da ke tsakanin tasha da tasha kuwa za mu kira ta zango.

Abin ba sabo ba ne. A 1971 Jami'ar Hawai a Amurka ta haɗa kwamfutocin tsibiranta ta hanyar rediyo. Daga 1973 hukumar binciken sojan Amurka ta shiga gwada rediyoyi masu miƙa wa juna saƙo ko da suna cikin motoci suna tafiya, domin soja a fagen fama ba shi da hasumiyar da zai jingina da ita. Daga baya abin ya fito hannun farar hula, har a 1997 ƙungiyar injiniyoyi masu tsara ƙa'idojin intanet ta kafa kwamiti na musamman a kansa.

A nan Afirka ma an taɓa. A Kafancan, Gidauniyar Fantsuam ta kafa sadarwar iska ta karkara tun shekaru da dama da suka wuce. A ƙauyen Mankosi na Afirka ta Kudu mutanen gari ne da kansu suka mallaki tasu sadarwa mai suna Zenzeleni, da taimakon wata jami'a ta ƙasar. Yanzu kuma akwai 'yan ƙananan rediyoyi masu amfani da fasahar LoRa, waɗanda ke aika gajeren rubutu tazarar kilomita da dama da ɗan ƙaramin batir, musamman in an ɗora su a wuri mai tudu. Duwatsun ƙasarmu, waɗanda ke tare mana sabis, su ne kuma za su iya zama mana hasumiyoyi na kyauta.

Matsalar Neman Hanya

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. In tashoshi suna da yawa, kuma suna yawo a aljihun mutane da kan babura, ta yaya saƙo zai san hanyar da zai bi? Wanda yake maƙwabcinka da safe, da azahar yana kasuwa.

Kakanninmu fatake sun san wannan matsala. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayo goro, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, yana da madugu, yana kuma da jagaba mai wucewa gaba ya binciko hanya. Masana sun bi dabaru iri biyu masu kama da na fataken nan.

Dabara ta farko ita ce kowace tasha ta riƙe jerin hanyoyi a kanta kullum, tana sabunta shi ta wurin gaisawa da maƙwabta lokaci lokaci. Wannan shi ne tsarin DSDV na 1994, da kuma OLSR wanda masu bincike a Faransa suka ƙirƙiro, aka buga ƙa'idarsa a 2003. Amfaninta shi ne in saƙo ya taso hanya tana nan a shirye. Aibinta kuwa gaisuwar ba ta ƙarewa, ko akwai saƙo ko babu, kuma kowace gaisuwa batir take ci.

Dabara ta biyu ita ce a yi shiru sai bukata ta taso. Wannan shi ne tsarin DSR na David Johnson da David Maltz na 1996, da AODV na Charles Perkins da Elizabeth Royer na 1999. Bari in kwatanta. A ce wata tasha a ƙauyenmu tana son aika saƙo zuwa asibiti a Mahuta. Sai ta yi shela ga maƙwabtanta: wa ya san hanyar asibiti? Duk wadda ta ji, in ba ta sani ba, sai ta rubuta daga bakin wa ta ji, ta maimaita shelar. Haka shelar za ta yi ta yaɗuwa har ta isa asibiti. Daga can sai amsa ta biyo sawun shelar ta dawo, kowace tasha tana miƙa ta ga wadda ta jiyar da ita. Hanya ta samu ke nan. A tsarin DSR ana rubuta sunayen dukkan zangunan a goshin saƙo, kamar adireshi a bayan ambulan. A tsarin AODV kuwa kowace tasha zango na gaba kawai ta sani, kuma kowace amsa tana ɗauke da lamba mai nuna sabuntarta, don kada a bi tsohon labari. In wata tasha ta ɓace a tsakiya, sai a aiko da labarin yankewar hanya, a sake shela. Wannan dabara tana tattalin batir, sai dai saƙon farko yakan ɗan jira.

Akwai wani lissafi da ya kamata mu riƙe. A ce a kowane zango saƙo 9 cikin 10 ne ke tsallakewa lafiya. Bayan zango 5, cikin saƙo 100 kimanin 59 ne za su isa. Bayan zango 10, kimanin 35 kawai. Ashe yawan zango ba alheri ba ne. Ɗan rediyo guda da aka kafa a kan dutse mai tsawo ya fi goma da ke cikin kwari.

Na'urorin Sansano

Wani reshe na wannan fanni shi ne na 'yan na'urori ƙanana waɗanda ba mutum ke riƙe da su ba. Akan dasa su a gona ko bakin rafi ko kan hanya, suna auna zafi ko danshin ƙasa ko tashin ruwa ko motsi, suna miƙa wa juna sakamako har ya isa babbar tasha. Na kira su na'urorin sansano.

Babbar damuwarsu batir ce, domin ba mai zuwa ya yi musu caji. Aika magana ta iska shi ya fi cin wuta, kuma in ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin da ake bukata yakan ninku sau huɗu ko fiye. Saboda haka a shekarar 2000 wasu masana a cibiyar MIT ta Amurka suka fito da tsarin LEACH. A cikinsa akan kasa na'urorin rukuni rukuni, kowane rukuni da shugaba mai tattara bayanan sauran ya aika nesa. Da yake shugabancin nan yana cinye batir, sai aka sa shi yana zagayawa, kamar kwasar adashi, ko kamar gayya da ake yi yau a gonar wannan gobe a gonar wancan. Ta haka babu wadda za ta mutu ta bar sauran.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Kenya. A 2004 masana daga Jami'ar Princeton suka ɗaura wa jakunan dawa wasu na'urori a wuya masu rubuta inda dabba ta bi. In jakin dawa ya haɗu da ɗan'uwansa, sai na'urorinsu su yi musayar abin da suka tara. Ranar da mai bincike ya kusanci ko da guda ɗaya da motarsa, sai ya kwashi labarin da yawa daga cikinsu. Ku duba wannan da idon manomin da aka kore masa shanun huɗa. Ku duba shi kuma da idon mai gonar fadama wanda zai so a gaya masa ruwa ya taso tun yana nesa, musamman in mun tuna ambaliyar 2020 wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi.

Matsalar Tsaro

Yanzu na zo kan abin da ya fi muhimmanci. Duk tsare-tsaren nan da na bayyana an gina su ne a kan yarda. Kowace tasha tana gaskata abin da maƙwabciyarta ta faɗa mata. To, in maƙwabciyar maƙaryaciya ce fa? Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Bayan abin da ya faru a Sakaba, shugaban 'yan sa-kan ya shaida wa 'yan jarida cewa wani ne ya tsegunta wa maharan shirinsu. Abin da infoma yake yi a cikin gari, shi muguwar tasha take yi a cikin sadarwa. Ga kaɗan daga cikin makircinta.

Na ɗaya, baƙin rami. Da zarar an yi shelar neman hanya, sai muguwar tasha ta yi wuf ta amsa cewa ita ce ke da hanya mafi kusa, ta kuma liƙa wa amsarta lamba mafi sabunta. Kowa sai ya miƙo mata saƙonsa, ita kuwa ta haɗiye. Wadda ta fi ta wayo ba ta haɗiye duka. Takan bar gaisuwa da labarin farashin dawa su wuce, ran da aka aiko da neman agaji sai ta danne.

Na biyu, ɓarauniyar hanya. Miyagun tashoshi biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, sukan haɗa kansu da wani rediyo mai dogon zango. Abin da wannan ta ji sai ta cilla wa waccan ta maimaita, har tashoshin kirki su ɗauka gabas da yamma maƙwabta ne. Da yake hanyar ta fi kowace gajarta, duk saƙonni sai su kwararo ta nan, masu ita kuwa su saurara, su yanke ran da suka ga dama.

Na uku, mai fuska goma. Na'ura ɗaya takan yi shigar tashoshi da yawa, kowace da sunanta. In an ce sai tasha uku sun shaida kafin a gaskata labari, sai ita kaɗai ta kawo shaidu ukun. Wani masani mai suna John Douceur ya yi bayanin wannan a 2002.

Na huɗu, hana barci. Muguwar tasha takan dami na'urorin sansano da tambayoyin banza dare da rana har batirinsu ya ƙare.

Na biyar, sata da hannu. Na'urar da aka ɗaure a bishiya ba ta da mai gadi. In duk na'urorin gari mabuɗin sirri guda suke amfani da shi, to wanda ya ciro ɗaya ya buɗe gari duka.

Kada a ɗauka waɗannan tatsuniyoyin aji ne. Akwai manhajar waya mai suna Bridgefy, mai miƙa saƙo daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, wadda masu zanga-zanga a Hong Kong suka rungume ta a 2019. A 2020 masu bincike a kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan suka nuna cewa ana iya karanta saƙonninta, a yi shigar wani, a gano wa ke magana da wa, har ma a durƙusar da sadarwar gaba ɗaya. Mutane sun ba ta amanar rayukansu alhali ƙofarta a buɗe take.

Magunguna

Masana ba su zauna ba. Magani na farko shi ne kulle saƙo da lissafi, wanda zan kwatanta da zaurance, sai dai wannan zaurancen ba a warware shi sai da mabuɗi. Kowace na'ura ta kasance da nata mabuɗin, yadda in an sace ɗaya za a soke nata kawai. Na biyu shi ne hatimi, watau wata alama ta lissafi da ke tabbatar da wanda ya aiko saƙo, da kuma cewa ba a taɓa shi a hanya ba. Tsarin Ariadne na 2002 ya ɗora irin wannan tabbaci a kan DSR. Na uku, a buga wa saƙo lokacin tashinsa ko wurin tashinsa, don in ya yi tsallen da ya wuce ƙarfin rediyo a gane ya bi ɓarauniyar hanya. Na huɗu, sa ido: in ka miƙa wa maƙwabciya saƙo, ka kasa kunne ka ji ko ta miƙa gaba, in ta saba dannewa a daina bi ta kanta. Masana a Jami'ar Stanford suka kawo wannan a 2000. Na biyar, muhimmin saƙo a aika shi ta hanya biyu dabam dabam.

Amma wajibi ne in faɗi iyakar waɗannan magunguna. Kulle saƙo yana ɓoye abin da aka faɗa, ba ya ɓoye cewa an yi magana, kuma mai kayan aiki yana iya bin sawun rediyo har inda yake. Mai ƙarfin rediyo yana iya cika iska da ƙara ya toshe kowa. Bugu da ƙari, hatimi yana tabbatar da wanda ya yi magana ne kawai, ba ya tabbatar da gaskiyar maganar. Mutum guda ya aiko da ƙaryar cewa ga su nan tafe, sai kasuwa ta watse, a tattake yara, ko kuwa matasa su far wa bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Kuma kada mu manta, wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Abin da zai amfane mu zai iya amfanar waɗanda muke gudu.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Ta farko, mu fara da ƙaramin abu wanda ba na yaƙi ba: haɗa ɗakin shan magani na ƙauye da asibiti, ko auna ruwan rafi. A nan za mu koyi aikin, kuskurenmu kuma ba zai ci rai ba. Ta biyu, kada a shigar da na'ura cikin sadarwa sai an san mai ita ido da ido, a gaban mai unguwa ko dagaci, da shaidar mutanen da suka san shi, kuma a haɗa kowane ɓangare na jama'ar gari, manomi da makiyayi, masallaci da coci. Sadarwar da ta ware wasu za ta zama abin zargi tun ran da aka kafa ta. Ta uku, kada a buga ƙararrawar haɗari sai mutum biyu sanannu daga wurare biyu sun tabbatar. Ta huɗu, a yi kome da sanin hukuma, domin iskar da rediyo ke bi tana da doka, kuma wanda aka gani da rediyo a daji ba tare da izini ba, shi ya san abin da zai tarar.

'Yan'uwana ɗalibai, yanzu muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, wadda aka kafa a 2020, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala digiri a kan waɗannan tsare-tsare, suna gwada su a cikin kwamfuta, a ba su maki, a ajiye kundin ƙura ta rufe shi. Ina roƙon wanda zai zaɓi batun kundinsa baɗi ya ɗauki rediyo biyu ko uku ya zo gida, ya hau duwatsun nan, ya auna iya inda magana take kaiwa da rani da kuma damina, ya rubuta mana. Mu muka san wane dutse ke kallon wane ƙauye, muka san ranar kowace kasuwa da hanyar da babura ke bi. Injiniyan da ke Legas ko Landan bai san wannan ba, kuma ba zai zo ya koya dominmu ba.

Shugaban taro, na ga lokacin da aka ɗibar mini ya cika.  In akwai tambaya ko gyara, ga ni a tsaye. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.